Me zai riƙe ƙarfen kwatangwalo idan ƙashi ya cinye? Abin da gwaji a jikin karnuka, tumaki da awaki ya nuna

Ƙarfen da ake dasa wa mutum a kwatangwalo ko a gwiwa ba kasafai yake karyewa ba. Galibi ƙashin da ke riƙe da shi ne ke cinyewa. A kowane taku kan ƙarfen yana gogar kofin roba, robar tana zubar da ɓurɓushin da ido ba ya gani, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su kasa narkarwa, daga nan su ta da ƙwayoyin da aikinsu zaizaye ƙashi ne. Shekaru na tafiya, rami na buɗewa a bayan kofin ko a cikin ƙashin cinya, har ƙarfen ya fara motsi. Ranar da likita ya buɗe don ya sauya shi, sai ya tarar da kogo mai santsin bango, babu inda sabon ƙarfe zai kama.

Wannan matsala ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Ciwon sikila yana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu, shi ya sa a cikin masu zuwa asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano neman sauyin kwatangwalo akwai 'yan shekara ashirin da wani abu ko talatin. Wanda aka yi wa dashe a wannan shekaru, da wuya ya ƙare rayuwarsa da ƙarfen farko. Aiki na biyu na nan tafe, kuma a lokacin za a nemi abin cike rami.

Abin da aka saba cikewa da shi ƙashi ne. Wanda aka ɗebo daga ƙugun majinyacin kansa ya fi kowanne kyau, amma bai da yawa, wurin da aka ɗebo kuma yakan daɗe yana ciwo. Don haka aka koma ga ƙashin wani: kan ƙashin cinyar da aka cire wa wani majinyaci lokacin nasa aikin, a gwada jinin mai shi don HIV da ciwon hanta nau'in B da C, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Tom Slooff na Naimegen a ƙasar Holan ya bayyana yadda ake amfani da shi a kofin kwatangwalo a 1984, likitocin Eksita a Ingila kuma suka kai dabarar cikin ƙashin cinya daga 1987. Ana farfasa ƙashin ƙanana, a zuba cikin ramin, a buge shi da guduma hawa-hawa kamar yadda ake daɓen ɗaki da tsakuwa, har ya yi taurin da zai ɗauki simintin tiyata da ƙarfe. Idan bangon ramin ya ɓule, sai an fara toshe shi da ragar ƙarfe.

Dabarar tana aiki, amma tana cin ƙashi. Rami babba kan cinye kawuna biyu, uku ko fiye. Ga tsadar gwaji da ajiya, ga firizar da ba ta yarda a ɗauke mata wuta, ga bambancin inganci tsakanin kai da kai, domin yawancinsu daga tsofaffi ake samu. Idan aka haska ƙashin da hasken gamma don kashe ƙwayoyin cuta, ƙarfinsa yana raguwa. Nan ne neman madadi ya samo asali.

Abubuwan da ake gwadawa

Mafi yawansu tangaran ne na kalsiyam da fosfet, dangin ma'adinin da ke cikin ƙashi. Haidiroksi-afatait, wanda ake taƙaitawa HA, yana da kalsiyam 1.67 a kan kowane fosfaras 1, kuma idan an gasa shi sosai yakan yi shekaru a jiki bai narke ba. Tarai-kalsiyam fosfet, wato TCP, yana da 1.5, yana narkewa cikin watanni. Ana haɗa su biyun don a samu tsaka-tsaki. BoneSave na kamfanin Stryker, alal misali, TCP ne kashi 80 cikin 100 da HA kashi 20. Akwai HA da ake yi daga murjanin teku, irin ProOsteon, da gilashin nan mai haɗewa da ƙashi da Larry Hench ya ƙirƙiro a 1969, da tsakuwar taitaniyam mai ƙofofi. Akwai kuma kalsiyam salfet, wato filastar ɗori da aka tsarkake, wadda tun 1892 aka fara cike ramin ƙashi da ita a Jamus. Ita wannan tana narkewa cikin mako 6 zuwa 12, kafin sabon ƙashi ya yi ƙwari, wani lokaci har ta sa rauni ya riƙa tsiyayar ruwa. Tana da amfani wajen ɗaukar maganin kashe ƙwayoyin cuta zuwa cikin ƙashi, amma ba abin ɗora wa nauyin mutum ba ce.

Duk waɗannan matakala ce kawai. Ƙashi yana hawa kansu, yana shiga ƙofofinsu idan faɗin ƙofar ya kai maikuromita 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita) ko fiye, amma ba sa kiran ƙashi ya fito. Masu kiran ƙashi su ne furotin ɗin BMP, waɗanda aikin Marshall Urist na 1965 ya kai ga gano su, lokacin da ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adini cikin tsokar dabba ya ga sabon ƙashi ya tsiro a wurin. A ɗaya gefen kuma akwai magungunan bisfosfonet, masu hana ƙwayoyin zaizaya aiki.

Kafin a zo kan gwaji, akwai lamba ɗaya da dole a riƙe. Ƙashi ba ya kama ƙarfen da ke motsi. Gwajin Pilliar da abokan aikinsa a karnuka a 1986 ya nuna ƙashi na shiga ƙofofin ƙarfe idan motsin bai wuce maikuromita 28 ba, idan ya kai 150 kuwa sai tantanin tabo ya maye gurbinsa. Maikuromita 150 kaurin gashin kai biyu ne ko makamancin haka. Ke nan aikin abin cike rami biyu ne: ya hana ƙarfen motsi tun ranar farko, sannan ya bar jiki ya mayar da shi ƙashi mai rai ba tare da wannan riƙon ya saki a tsakiyar hanya ba. Yawancin abubuwan da suka gaza, a tsakiyar hanyar nan suka gaza.

Gwajin rata, mataki-mataki

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Kjeld Søballe da ɗakin bincikensa na Arhus a ƙasar Danmak suka kafa, tare da Joan Bechtold ta Miniyafolis a Amurka. An zaɓi kare ne saboda ƙashinsa ya fi na sauran dabbobin gwaji kama da na mutum wajen tsari da ma'adini, duk da cewa yana sabunta kansa da sauri fiye da namu.

Ƙarfen gwajin ɗan gungume ne na taitaniyam, kauri milimita 6, tsawo milimita 10, an yi masa kaushin fuska irin na ƙarfen mutane. Ana huda rami mai faɗin milimita 11 a ƙashi mai soso, ko a saman ƙashin ƙafar gaba kusa da kafaɗa ko a ƙarshen ƙashin cinya kusa da gwiwa. Faifai biyu masu faɗin ramin, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su ke tsayar da ƙarfen a tsakiya, sai ratar milimita 2.5 ta kewaye shi. Ratar nan ita ce zuciyar gwajin. An yi ta da faɗin da ƙashi ba zai iya tsallakewa shi kaɗai cikin lokacin gwajin ba, don duk abin da aka gani a san daga abin da aka zuba ne. Cikinta bai wuce mililita 0.67 ba idan aka lissafa, kuma dole a auna abin da za a cusa a sikeli, a cusa da ƙarfi iri ɗaya, hannu ɗaya ya yi duka. In ba haka ba, ƙarfin hannun mai tiyata za a auna, ba ingancin tangaran ba.

Ana fara sa siririyar waya ta nuna hanya, sannan injin huda mai rami a tsakiya ya bi ta kanta a hankali, kamar juyi 2 a daƙiƙa, ana zuba ruwan gishirin asibiti. Dalili shi ne zafi: digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙwayoyin ƙashi. Bangon da ya ƙone ba zai tsiro da komai ba, sai a ɗora laifin kan abin da ake gwadawa.

Kowace dabba ita ce ma'aunin kanta. Ana sa mata ƙarfe biyu ko huɗu, ɗaya da ƙashin dashe zalla a matsayin abin kwatance, sauran da abubuwan gwaji, kuma ana juya wuraren daga dabba zuwa dabba, domin taurin ƙashi ya bambanta ko a cikin gaɓa ɗaya. Da wannan tsari dabba 8 zuwa 10 kan isa. Idan ana gwada magani mai yawo irin BMP ko bisfosfonet, kada a sa ramin ma'auni dab da na maganin, don yana iya tsallakawa ya ɓata kwatancen. Ƙashin dashen kuma a haɗa shi wuri ɗaya daga dabbobin da ba sa cikin gwajin, a niƙa, a cakuɗa, a raba, yadda kowane rami zai samu iri ɗaya.

Maganin ciwo bayan tiyata wajibi ne, amma a lura da wanda za a bayar. Dangin diklofenak da ibufurofen suna iya rage saurin haɗewar ƙashi, don haka akan zaɓi dangin mofin irin bufurenofin. Dabbar da ke ɗingishi saboda ciwo ba ta taka ƙafar, ƙashin da ba a takawa kuwa yana ramewa. Jin ƙai da ingancin sakamako a nan abu ɗaya suke nema.

Bayan mako 4, wani lokaci 12, ana kashe dabbar da allurar barci mai yawa, a ciro ƙashin da ƙarfen a ciki, a yanka gida biyu da zarto mai bakin lu'ulu'u ana zuba ruwa. Yanki na waje mai kaurin kusan milimita 3.5 na gwajin ƙarfi ne, ana ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Kada ya taɓa fomalin, domin yana sauya taurin nama.

A gwajin ƙarfi ana ɗora yankin kan faranti mai huda, sanda ta tura ƙarfen da gudun milimita 5 a minti har ya saki. Hudar farantin ta fi ƙarfen faɗi da milimita 0.7 ta kowane gefe. Idan ta matse, nauyi zai taru a baki lambar ta kumbura. Idan yankin ya karkace, ƙarfen zai cije lambar ta sake yin ƙarya. Ana raba nauyin da ya saki ƙarfen da faɗin fuskarsa. Kaurin milimita 6 da tsawon milimita 3.5 suna ba da fuska mai murabba'in milimita 66, don haka turin niyuton 200 (ma'aunin ƙarfin turi) ya zama kusan megafaskal 3, wato niyuton 3 a kan kowane murabba'in milimita. Ana kuma duba taurin riƙon da yawan ƙarfin da ya sha kafin ya saki.

Ɗaya yankin na madubin likita ne. Ba a narkar da ma'adininsa kamar yadda ake yi wa ƙashin da aka saba dubawa, domin asid zai cinye tangaran ɗin, kuma cire ƙarfen zai yage wurin da ake son gani. Ana busar da shi cikin giyar asibiti daga kashi 70 zuwa 100, a rina, a binne cikin roba mai tauri, a yanka siriri kamar maikuromita 30 da ƙarfen a ciki. Mai ƙirga, wanda bai kamata ya san wane yanki ne wane ba, zai fitar da kason fuskar ƙarfen da sabon ƙashi ya taɓa, da kason ratar da ke ɗauke da sabon ƙashi, ragowar abin dashe, ɓargo ko tabo. Hoton CT na ƙananan abubuwa yana taimakawa, sai dai ƙarfe yana watsa haske daidai bakin da ake son aunawa, tangaran kuma yana kama da ƙashi a hoto. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai ƙirga tangaran a matsayin ƙashi.

Abin da ya fito, da inda aka sha mamaki

Tangaran shi kaɗai a cikin rata, a makonnin farko, bai kamo ƙashin dashe ba. Gwajin Arhus da ProOsteon ya nuna haka: riƙon ya yi rauni, tabo ya yi yawa. Idan aka gauraya shi da ƙashin dashe sai abin ya gyaru. Wannan ya maimaitu a wurare da dama, shi ya sa masu aikin suka fi kiran tangaran mai ƙara auki, ba mai maye gurbi ba.

Darasin da ya fi muhimmanci a ganina na BMP ne. Kowa ya ɗauka idan aka zuba furotin mai kiran ƙashi a kan ƙashin dashe, riƙo zai ƙaru. Aka gwada BMP-7, wanda a lokacin ake sayarwa da sunan OP-1, aka gwada BMP-2. Sabon ƙashi ya fito, amma furotin ɗin bai ta da ƙwayoyin da ke gina ƙashi kaɗai ba, ya ta da masu zaizaya ma, kuma su suka riga isa. Ƙashin dashen da aka daɓe, wanda shi ne ke riƙe da ƙarfen, ya narke kafin sabon ya yi ƙwari. A aikin Jørgen Baas na 2008, ƙarfen da aka yi wa BMP-2 bai kai wanda aka bari da ƙashin dashe zalla riƙo ba. Da aka kai OP-1 jikin mutane a Gotenbag ta Suwidin, Johan Kärrholm da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2006 cewa bai inganta riƙon kofi ko na sandar cinya ba. Mai duba hoton madubi kaɗai zai ga ƙashi sabo fal ya ce an dace. Injin turawa ne ya faɗi gaskiya.

Sai aka ce to a ɗaure masu zaizayar da bisfosfonet. Nan ma gwajin farko ya ba da kunya. An jiƙa ƙashin dashe cikin alenduronet aka dasa ba a ɗauraye ba. Ƙashin dashen ya zauna daram, amma sabon ƙashi bai shigo ba, riƙo ya ragu. Ana zaton maganin da bai manne wa ma'adini ba ya rage a cikin ratar da yawan da ya zama guba har ga magina. Thomas Jakobsen ya sake gwajin da zoleduronet a matakai uku, miligiram 0.005 da 0.05 da 0.5 a mililita, a jiƙa na 'yan mintuna sannan a ɗauraye da ruwan gishiri. Mafi ƙanƙantar ita ta ƙara sabon ƙashi, mafi yawan ta danne shi. Dangin magani ɗaya, bambancin ɗauraya da awo, sakamako ya juya gaba ɗaya. Duk rahoton da bai faɗi awo da tsawon jiƙo da sau nawa aka ɗauraye ba, ba a iya gina komai a kansa.

Gwajin rata yana da iyaka babba: ƙarfen ba ya ɗaukar nauyi. Don haka Søballe ya ƙera wani mai sifirin a ciki, ana sa shi a gwiwar kare da ɗan kan roba da ya ɗan fito, duk takun da karen ya yi sai ƙarfen ya nutse maikuromita 150 ko 500 ya dawo. Taitaniyam zalla tantanin tabo ya lulluɓe shi. Wanda aka shafa wa HA ya yi guringuntsi mai zare, kuma zuwa mako 16 ƙashi ya maye gurbinsa. Daga wannan na'ura aka gina kwaikwayon aiki na biyu: a bar gungumen siminti yana motsi tare da ɓurɓushin roba na mako 8, har ramin ya yi tantani da bango mai tauri irin wanda likita ke tararwa a mutum, sannan a cire a sa sabon ƙarfe. A irin wannan rami riƙo yana faɗuwa ƙwarai idan aka kwatanta da ƙashi lafiyayye, kuma an ga farfasa bangon nan mai tauri, don jini da ɓargo su shigo, yana gyara shi. Abin da ya yi kyau a ramin da aka huda yanzu-yanzu a ƙashin matashin kare bai riga ya ci jarrabawar da ake bukata ba.

Awaki da tumaki

Don a ga daɓen a cikakkiyar gaɓa, sai an je ga dabbar da za a yi wa sauyin kwatangwalo na gaske. A Naimegen manyan awakin madara suke amfani da su: a yi rami a kofin kwatangwalo, a toshe da raga, a daɓe, a sa kofin roba da siminti. Chris Arts da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa rabi tangaran rabi ƙashi bai hana jini shiga ba, sabon ƙashi kuma ya kewaye tsakuwar. Ashley Blom na Biristol a Ingila ya gwada BoneSave a ƙashin cinyar tumaki, gauraye rabi da rabi da kuma kashi 90 cikin 100, aka kwatanta da ƙashi zalla. Daga baya mutanen Naimegen suka gwada tsakuwar taitaniyam mai ƙofofi a awaki, wadda ke lanƙwashewa ta cije da juna a ƙarƙashin guduma maimakon ta farfashe.

A nan ne matsalolin hannu ke fitowa. Girman gutsure yana da tasiri: a kofin kwatangwalon mutum, gutsuren milimita 8 zuwa 10 sun fi na injin niƙa mai laushi riƙo, a cikin ƙashin cinya kuwa ƙanana ake bukata saboda ƙuncin wurin. Wanke ƙashin da ruwan gishiri mai ɗumi yana fitar da kitse da ɓargo, gutsuren su daina zamewa a kan juna. Tangaran ba ya matsuwa kamar ƙashi. Idan aka buge shi da ƙarfin da aka saba, ko ya niƙe ya zama gari, ko ya tura bangon ƙashin cinya ya tsage; gwaji a ƙasusuwan gawa a Holan ya nuna haɗarin tsagewar na ƙaruwa da shi. Garin da ya kuɓuce ya shiga tsakanin kan ƙarfe da kofi zai riƙa kankare robar, wato ya ƙara ainihin cutar da ake magani. Sannan tsakuwa mai girma ɗaya tana barin manyan ƙofofi, siminti ya kwarara har ya kai bangon ƙashi. A injin gwaji wannan yana ba da riƙo mai kyau ranar farko, amma inda siminti ya cike, jijiyar jini ba za ta taɓa shiga ba.

Ƙananan dabbobi suna da nasu wurin. Ɗan akwatin taitaniyam da Per Aspenberg ya ƙera don ƙafar ɓera yana auna nisan da ƙashi ya shiga cikin abin dashe, da arha da sauri, kuma ya dace da tace abubuwa goma a fitar da biyu. Ƙa'idar ISO 10993-6, ta ƙasa da ƙasa kan gwajin abin dashe, ta ba zomo gungume mai kaurin milimita 2 da tsawon 6, manyan dabbobi kuma 4 da 12. Amma ƙashin ɓera ba ya sabunta kansa ta hanyar da namu ke yi, kuma ɗan BMP kaɗan ke isarsa, alhali na mutane ana haɗa shi da ƙarfin miligiram 1.5 a mililita. Nasara a ɓera izinin ci gaba da gwaji ce kawai.

Ko babbar dabba ma, lafiyayya ce, ƙashinta na da jini, ramin ƙarami ne, lokacin gajere. Majinyacin aiki na biyu sau da yawa tsoho ne, ko mai sikila da ƙashin cinyarsa ya taurare ya ƙuntata saboda toshewar jini ta shekaru. Shi ya sa bayan dabba ake bin ƙananan rukunin mutane da awon RSA, wanda Göran Selvik ya ƙirƙiro a Lund a 1974: a dasa ƙananan ƙwallayen tantalam masu kusan milimita 1 a ƙashi, a ɗauki hoto ta kusurwa biyu, a auna nutsewar ƙarfe da ba ta kai milimita ba. Ƙarfen da ya ci gaba da nutsewa bayan shekarar farko, shi ne ake tsoron zai kwance.

Akwai wata tambaya da majinyatanmu za su yi, kuma hakkinsu ne a amsa musu kafin tiyata: daga me aka yi abin? HA da TCP na masana'anta ba su da dabba a ciki. Amma OP-1 an ɗauke shi ne a kan kolajin, wani furotin na jikin saniya, Colloss E da aka gwada a Arhus daga ƙashin doki aka tatso shi, wasu kayan kuma na alade ne. Takardar cikin kwali tana faɗa, a karanta.

Irin wannan bincike ba sai a Turai ba. Inda akwai tsangayar likitan dabbobi da asibitin koyarwa kusa da juna, kamar Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, gwajin rata abu ne mai yiwuwa, kuma tambayar da ta dame mu, wato nawa za a iya rage ƙashin dashe a maye da tangaran ba riƙo ya faɗi ba, ta cancanci a amsa ta a nan. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi ƙanƙanta ga rami mai milimita 11. Tumakin Balami ko Uda sun fi dacewa. A zaɓi waɗanda suka gama girma, a tabbatar da hoton ƙashi cewa layin girma ya rufe, domin ƙashin ɗan rago yana cike rata da kansa ya ɓoye bambanci. A guji mai ciki da mai shayarwa, don kalsiyam ɗinsu na tafiya ga ɗa. A tsare su kan abinci ɗaya makonni kafin a fara, kuma kada a yi wa rabi aiki da damina rabi da bazara, tunda jikin tunkiya a waɗannan lokuta biyu ba ɗaya ba ne. A hana su abinci kamar awa 24 kafin allurar barci, a sa bututu a maƙogwaro da wani a tumbi saboda kumburin ciki da amai. Izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji kuma ya zo kafin a sayi ko tunkiya ɗaya, tare da lissafin da ya nuna adadin da aka nema zai iya gano bambancin da ake nema a injin turawa.